Yajin da Ba na Inna Ba

Na gaji. Tun ranar da aka kai Hajiya nake zaune a kan tabarmar nan ina miƙa hannu ina amsa gaisuwa, har kafaɗata ta daina jin kamar tawa ce. Hajiya matata ce, wadda muka tsufa tare a gidan nan na Wambai, ta kuma riga ni ba tare da wata doguwar jinya ba. Yau da hantsi aka yi addu'ar uku. Masu aiki a Abuja suka ruga tasha tun ba a gama shafa fatiha ba, sauran suka bi su a hankali, aka bar ni da kujerun roba jingine a bango da kuma maganar da babban ɗana Aminu ya ɗora mini.

Maganar ta 'yarsa ce, Hauwa'u, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata ta ci. A hannun Hajiya aka yaye ta, a ɗakinta ta girma, daga gadonta kuma ta tashi ta tafi karatun likita a ƙasar waje. Jarrabawarta ta ƙarshen shekara ta matso. Aminu ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, har 'yan hayar da ke sashen baya, yana roƙon kada kowa ya ɗora hoton Hajiya a waya. Da ya zo kaina sai ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah idan ta kira ka, ka ce Hajiya tana barci, ko ta fita unguwa. Ka san yadda suke. Idan ta ji yanzu, shekarar nan ta tafi a banza." Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba, shi kuma bai lura da bambancin ba.

Yaran yanzu gani suke a kansu aka fara zuwa karatu waje. To mu ma mun je, lokacin da garin nan yake amsa tsohon sunansa, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni a bar mana cunkoso da tsadar haya. A lokacin in ka tsaya a ƙofar gidanmu da sassafe, abin da za ka ji shi ne luguden mata, da kukan zakaru, da muryar matan Gwari masu shigowa da tukwane da itace a kafaɗa. Yau kafin ladan ya sauke murya kwandastoci sun fara ihun Zuba da Wuse. Ranar tafiyata rabin unguwa suka raka ni tasha, Baba ya riƙe kaina ya yi ta addu'a har direba ya fara tsaki. Inna ba ta fito ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu ba sa kallon ɗan fari a ido, balle su kama sunansa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ku ce wa wancan." Da na shiga yi mata sallama tana bakin turmi, ba ta ko ɗago ba. Sai ta miƙa wa ƙanwata Ladi wani gwangwanin madara da aka ɗaure bakinsa da tsumma, ta ce, "Ba shi. An ce can ba su san yaji ba."

Gaskiyarta, ba su sani ba. Ƙasar da aka tura mu ƙasar sanyi ce, wadda sai ka sauka daga jirgin sama sannan ka shiga jirgin ƙasa ka yi ta tafiya har ka manta da yadda tsayuwa take. Aka zuba mu a wani dogon bene na ɗalibai, kowane hawa da madafi ɗaya, a bakin ƙofa kuma wata tsohuwa mai ɗankwali tana saƙa tana ƙirga masu shiga da ido. Shekarar farko harshensu kawai muka koya, muna maimaita baƙaƙe kamar 'yan aji ɗaya, mu da muka baro gida ana ce mana masu ilimi. Abinci kuwa dankali ne da kabeji, gobe kabeji da dankali. In ka shanya wanki a waje, ka dawo ka tarar da wandonka ya sandare yana iya tsayuwa da kansa. Da sanyi ya kankama rana ba ta daɗewa, kana sallame azahar la'asar ta shigo, kafin ka naɗe sallaya magariba ta yi. Da zafi kuma ta ƙi faɗuwa, in azumi ya faɗo a lokacin sai ka ga ƙato yana leƙen taga kamar zai yi kuka. Muna fita da duhu mu bi layin burodi, mu hau taragon lantarki da ke bin tsakiyar titi, yara suna nuna mu da yatsa iyayensu suna buge musu hannu. Kai, an sha wuya. Ummi tana kirana ta ce wai ta gaji saboda injin wanki na benensu ya lalace, ni dai sai in ce mata sannu.

Abin da ya riƙe mu shi ne girkin ranar hutu. Mu 'yan gida mukan haɗu a madafi, a tuƙa tuwo da wani garin alkama mai tsaki-tsaki, a kaɗa kuka. Da zarar daddawa ta ji wuta sai tsohuwar bakin ƙofa ta hauro tana toshe hanci tana buɗe tagogi, tana rantsuwa wani abu ya mutu a cikin bene. Nama kuwa, tunda ba ma cin yankansu, sai mu shiga jirgin ƙasa mu tafi ƙauye, mu sayi kaji da rai, mu yanka a bayan rumbun manomi yana kallonmu yana girgiza kai. In an gama komai an zauna, sai a ce, "Ina gwangwanin Inna?" Duk benen nan Inna suke ce mata, har waɗanda ba su san inda garinmu yake ba.

Yajin Inna daban yake. Takan gasa barkonon sama-sama a kaskon Gwari har ya ɗauki ƙamshin hayaƙi, ta sa citta da kanumfari da masoro da ɗan kimba, gishiri kaɗan, kuma ba ta tankaɗewa. Takan bar shi da ɗan ɓarzo, yadda za ka ji shi a haƙori. In na buɗe gwangwanin nan a ɗakin da tagarsa ta yi fari da ƙanƙara, tsakar gidanmu nake gani. Ina lallaɓa shi kamar magani, ina ɗiba da bakin cokali.

Zuwa gida hutu ba na kowa ba ne, sai wanda Allah ya ciyar. Wanda duk ya samu tafiya kuwa ya zama jakin kowa: ya bi gidajen iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya kai hotuna, ya dawo da ƙullin kuka da kuɓewa da daddawa, da labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu. Duk wanda ya dawo daga gidanmu da sabon gwangwani yake zuwa, da kuma saƙon Inna, wanda bai taɓa canzawa ba. Ba ta cewa a gaishe ni, wane ita. Cewa take, "A gaya wa mutanen can su riƙa toshe kunne da auduga, ta kunne sanyi yake shiga." Abokai su yi ta dariya suna kirana mutanen can. Ni kuwa na san duk abin da uwa take gaya wa ɗanta yana cikin maganar nan.

A hutun da ya rage mini shekara guda in gama, Tanimu ne ya samu tafiya. Tanimu abokin ɗakina ne, mutumin wajen Garam, ɗan auta a gidansu, mai surutu kamar rediyo. In yana ba da labari har tsohuwar bakin ƙofa takan ajiye saƙa ta yi dariya, alhali ba ta jin ko kalma ɗaya. Ya dawo farkon sanyi da jakunkuna niƙi-niƙi, aka taru a ɗakinmu ana rabon saƙo. Ya miƙo mini gwangwanina yana kallon cikin jaka. Na ce, "Ya mutanen gida?" Ya ce, "Kowa lafiya ƙalau. Baba yana gaishe ka. Inna ma ta ce a gaishe ka da kyau da kyau, ta ce ka dage da karatu, tana sa maka albarka."

Na ce, "Inna ce ta ce a gaishe ni?"

Ya ce, "Ita fa."

Allah sarki Tanimu. Shi ɗan auta ne, uwarsa tana kiran sunansa sau goma kafin ya karya kumallo, ina zai san akwai uwar da gaisuwa ba ta fitowa daga bakinta? Ya zauna ya ƙera mini saƙo irin wanda tasa uwar za ta aiko, ya ƙawata shi iyakar iyawarsa. Da aka sauke tuwo na kwance tsumman, na ɗebi yajin na sa a harshe. Laushi gare shi kamar garin tuwo, an tankaɗe shi tas, gishiri ya yi yawa, babu ƙamshin hayaƙi ko kaɗan. Sauran suka yi ta ci suna santi suna sa wa Inna albarka. Ni na tsame hannuna daga tuwon, na ce musu mura ce take damuna.

Daga ranar Tanimu ya canza. Rediyon nan ya mutu. Ya koma fita tun da duhu, ba ya dawowa sai ya tabbatar na kwanta, wai karatu ya yi yawa. Ni kuma na shiga yi wa kaina bayani: wataƙila Inna ciwon hannu take ta sa Ladi daka, wataƙila tsufa ya sa ta saki jiki ta fara aiko gaisuwa. Sau ɗaya tak na tambaye shi. Muna cikin jirgin ƙasa za mu ƙauye sayen kaji, mu biyu a kujera, gonaki duk sun yi fari fat har iyakar gani. Na ce, "Tanimu, ka ga Inna da idonka?" Ya ce, "Na shiga gidan." Na ce, "Ba shi na tambaye ka ba. Don girman Allah..." Sai ya ɗaga hannu da sauri ya ce, "Kada ka haɗa ni da Allah. Na roƙe ka, kada ka haɗa ni da Allah." Ya juya fuskarsa taga. A haka muka je muka dawo da kajin.

Mai hankali zai ce ai a nan na sani. To ban sani ba, kuma ban kasa sani ba, a tsakani na zauna har sanyin nan ya fita. Wallahi ban taɓa shiga wahala irin ta wannan zaman ba. In na idar da salla sai in rasa addu'ar da zan yi mata: ta tsawon rai ko ta gafara? In na roƙa mata lafiya sai in ji kamar ina wasa da Ubangiji, in na ce Allah ya jiƙanta sai in ji kamar ni na kashe ta. Ba ni da ikon yin kuka, tunda ba wanda ya ce mini an yi mutuwa. Ba ni da ikon yin dariya. Karatun da aka ɓoye mini don shi, da ƙyar na tsallake shi, ina duba takarda ina ganin turmi. Da aka gama, na shiga kanti na saya mata mayafin ulu mai kauri, mafi kyau a shagon, don kawai in ƙaryata zuciyata.

Na sauka a tashar garin nan da la'asar. Yara suka ɗauki akwatuna suna ihun Injiniya ya dawo. A zaure Baba ya tare ni, ya ce in zauna in sha ruwa. Na ce bari in shiga in gaida Inna. Ya ce, "Zauna tukuna." Daga cikin gida ina jin daka, amma ba bugunta ba ne. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Sai haƙuri. Tun kafin abokinka ya zo hutu." Ya ƙara da cewa, "Da mun gaya maka me za ka yi? Ka baro karatu ka zo ka tarar da ƙasa? Ita da kanta ta ce kada a tayar wa mutanen can da hankali." Ladi ta fito ta durƙusa tana share ido da gefen zane, ta ce, "Yaya, na yi iya yina. Ta gaya mini duk abin da ake sawa. Hannun ne ba ɗaya ba."

Ban taɓa riƙe Baba a zuciya ba, Allah ya jiƙansa. Haka ake yi a lokacin, kuma don ƙauna ake yi. Amma ga abin da ba wanda ya lissafa. Na shigo gidan da kowa ya gama kukansa tun bara. An yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, an raba kayanta, ɗakinta ya zama na ajiyar hatsi. Mutane suna ta shigowa da fara'a, wanda ya tuna sai ya haɗa duka a numfashi ɗaya: "Barka da sauka, ya ƙarin haƙuri, me ka kawo mana daga Turai?" Ba wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna tare da ni. Washegari Baba ya kai ni maƙabarta. Damina ta bi ta kan wurin, ciyawa ta rufe, an yi sababbi a kewaye. Ya tsaya yana dube-dube, ya nuna da sandarsa ya ce, "Nan ne." Ya ɗan matsa ya ce, "Ko kuwa nan." A tsakanin biyun na tsuguna na yi addu'a. Mayafin kuwa Ladi na ba. Tanimu ma na rasa shi a cikin abin, don har ya koma ga Allah bai sake iya zama da ni mu biyu ba. In mun haɗu a ɗaurin aure sai ya gaishe ni da hannu biyu kamar surukinsa, ya nemi hanya.

Abin da nake ta juyawa ke nan yau bayan la'asar, ina zaune a zaure, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Kiran bidiyo ne. Aminu yana tsakar gida yana sallamar masu kujeru, ya ji, ya taho da sauri ya tsaya a bakin ƙofa yana girgiza mini kai. Na cire hular zaman makoki na gyara fuska na danna.

"Tsoho mai ran ƙarfe!" in ji Ummi. Tana sanye da rigar sanyi, littattafai a baje a gabanta. "Ka rame fa. Ko Hajiya ta daina ba ka abinci ne in zo in karɓe girkin?"

Na ce, "Ke da ko ruwan zafi sai kin ƙona?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ta ce, "Ina Hajiyata? Wayarta a kashe, Abba ya ce wai wajen cajin ne ya lalace. Kuma kowa sai wani lallaɓa ni yake. Jiya Abba ya ce wai Hajiya ta ce in mai da hankali a kan jarrabawa." Ta matso da fuskarta. "Kaka, yaushe Hajiya ta taɓa yi mini maganar jarrabawa? Ita tambayarta ɗaya ce, na ci abinci ko ban ci ba."

Na kalli yarinyar nan, na ga ta riga ta ɗanɗana yajin. Na ɗaga kai na kalli Aminu. Ya haɗa hannuwa biyu yana roƙona ba tare da murya ba. Na tausaya masa, don uwa ya rasa, kuma tsoron da yake ji na gaskiya ne. Amma ba zai iya tsare wayoyin Suleja duka ba. In ma ya iya, na san ɗakin da yake son ya kulle ta a ciki, na yi sanyi guda a cikinsa.

Na ce, "Ummi, wa ke kusa da ke?"

Ta ce, "Abokiyar ɗakina tana madafi. Me ya faru?"

"Kira ta ta zo ta zauna kusa da ke. Ina jira."

Ta tashi, na zauna ina kallon bangon ɗakinta da wata 'yar taga mai duhun hadari. Aminu ya sulale ya zauna a dokin ƙofa. Da suka dawo su biyu, na ga ɗayar ta riƙe mata hannu, sai na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya ta rasu, Ummi. Yau aka yi uku. Ba ta sha wuya ba. Ni na tsaya aka sa ta a kabari, na kuma kafa dutse a wajen kanta da hannuna. Ranar da kika dawo zan kai ki, ba za mu yi ta nema ba."

Kukan da ta fasa ya fita daga 'yar wayar nan ya ratsa zaure ya shiga cikin gida. Matan da suka fara naɗe tabarmi suka ji, suka gane muryar, sai gidan ya sake ɗauka gaba ɗaya. Gwaggonninta suka fito suka kewaye ni, kowace tana leƙa waya tana kiran sunanta. Aminu ya rufe fuska da hularsa, yana kuka, karo na farko tun da aka kai uwarsa. Jarrabawa kam ban san yadda za ta kasance ba. Wataƙila Aminu ne mai gaskiya, wataƙila shekarar ta tafi, in ta tafi ni zai kalla, na kuma yarda ya kalle ni.

Na bar ta ta yi mai isarta, ban ce ta yi shiru ba. Da numfashinta ya ɗan daidaita, na gyara zama a kan tabarma yadda ake yi in an je gidan mutuwa, na ce, "Ummi, ya haƙuri?"

Ta share fuska da hannun rigar sanyinta. Da ƙyar muryar ta fito.

"Da godiya, Kaka. Ya namu haƙurin?"